Jar Ƙanƙarar Talukan

Dokin Culun ne ya kawo mana labarin. Ya shigo ƙauyenmu Mahaɗa da hantsi shi kaɗai, sirdi ya juye ƙarƙashin cikinsa da cinyar barewa ɗaure a jiki, gashinsa ya daskare har wuya. Ni na fara ganinsa, domin ni ne ba ni da aikin yi a lokacin, da ma sauran lokuta.

Culun ƙanin matata ne. Matata kuwa Anbulun ce, wadda in ka nemi mai bin sawu ko'ina a dajin nan ita za a nuna maka. In ka yi tambaya a kaina za a ce, "Tokto? Ai mijin Anbulun ne." Ina riƙe dawakai, ina hura wuta, ina yarda da abin da ta ce. Mun fi shekara ashirin a haka, kuma ban taɓa ɓata a daji ba.

Ta fito ta dubi dokin, ta shafa ƙirjinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta koma ɗaki ta ɗauko bindigar mahaifinta, ta saka harsashi guda, ta rataya.

"Ɗaura sirdi," ta ce.

"Wa za mu harba?"

"Ɗaura sirdi, Tokto."

*

Talukan ba wani kogin a zo a gani ba ne. Da damina ma doki na ratsa shi bai jiƙa cibiya ba. Amma da hunturu shi ne hanyarmu, don dusar ƙanƙarar cikin daji ta fi ƙarfin ƙafa. Hannu biyu gare shi, suna haɗuwa a gindin ƙauyenmu. Baƙin Hannu daga fadama yake fitowa, Farin Hannu daga duwatsu. A Fari Culun yake farauta.

Farin Hannu yana da ido. Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓulɓulowa daga ƙasa, ya cinye ƙanƙara ta ciki ya bar ɓawo, dusa ta rufe shi sumul kamar ko'ina. Kuma ba ya zama wuri guda: bana yana gefen hagu, baɗi ya koma tsakiya. Shi ya sa duk farkon hunturu dattawa ke fita da gatari suna ƙwanƙwasawa, su jera sanduna a inda ke da ƙwari. A sare ɗan rami, a kafa sanda, a zuba ruwa ya daskare ya riƙe ta. Ka bi sanduna, ka isa gida. Ba mai tambayar sanda dalili.

Mun tarar da ramin a tsakiyar kogi yana tururi. Mazan ƙauye suka iso bayanmu da igiya da ƙugiya, suka jawo Culun daga ƙarƙashin ɓawon. Sun yi gumi, sun ji ƙishi, amma kowa gefe ya koma yana cusa dusa a baki. Ba a ɗiban ruwan da ya ci mutum sai ƙanƙara ta tafi da bazara.

Sanduna kuwa ga su tsaye inda dattawa suka kafa su, can gefen dama, nesa da ramin.

Wani daga baya ya ce, "Giya."

Anbulun ba ta ko waiwaya ba. "Shekara takwas bai kai ta baki ba. Maimaita in ji muryarka da kyau."

Ba a maimaita ba.

Dusa ta zuba bayan abin ya faru, ta shafe duk wani sawu. Anbulun ta karyo reshe, ta durƙusa, ta shiga share kogin kamar mai share tsakar gida. Muna tsaye muna daskarewa har ta kira mu. A ƙarƙashin dusar akwai tabo zagayayyu a jikin ƙanƙara, a jere, sun miƙe sak zuwa bakin ramin.

"An tumɓuke sandunan an jera su nan," ta ce. "Ya bi su ya faɗa. Sannan aka mayar da su inda suke."

Ta je gindin sanda ta farko ta share. Ruwan da aka zuba aka sake kafa ta ya daskare ja, jazur-jazur kamar tsatsa. Ta biyu ma haka.

Ashiku ne ya fara ihu. Shi maharbi ne mai ƙaton wuya, wanda bakinsa kan riga kansa isa wuri. "Shayi ne! Wa ke iya yawo da ruwa a wannan sanyi bai daskare masa ba? Wa ke da filas?"

Mutum ɗaya ne ke da filas a duk Talukan: Lao Gao, mai sayen fata, baƙon da ya shekara goma sha a cikinmu yana nan dai a baƙonsa. Ko bayan gida da filas ɗin yake zuwa a hammata. Kuma kowa ya ji abin da ya faɗa wa Culun a watan jiya.

*

Kafin mu koma an ɗaure Gao a rumbun ajiyar nama. 'Yan sanda suna gari, tafiyar kwanaki, kuma ba wanda ya yi marmarinsu. Dattawa suka ce a bari a ɗora akwatin gawar Culun bisa bishiya tukuna kamar yadda al'adarmu take, a sallami mamaci. Ashiku ya ce da an gama, shi da kansa zai raka Gao har bakin ido ya nuna masa hanya.

"Ba mai taɓa shi," in ji Anbulun. "Nawa ne. In shi ne, ga rabonsa nan a cikin bindiga."

Muka shiga rumbun. Gao yana zaune tsakanin cinyoyin barewa, leɓensa ya tsattsage. Yana jin harshenmu, sai dai yana magana da shi kamar mai tauna tsakuwa.

"Ka ce masa kogi zai ci shi," Anbulun ta ce.

"Ya fasa mini ganga biyu ta giya a gaban jama'a! Wai ina kashe masa mutane. Me zan ce masa? Ya gaida gida?"

"Ina kake shekaranjiya?"

"A ɗakina. Ina kake so in je? Waje akwai sanyi."

"Wa ya gan ka?"

"Kyanwata." Ya juyo gare ni. "Tokto, gaya mata. Ni sandunan nan ko ta wane gefe ake bi ban sani ba. Ba kai ke ja mini doki ba in zan hau kogi?"

Gaskiya ne. Ina ja masa doki, yana ba ni shayi. Ba sana'ar da zan yi alfahari da ita ba ce, amma shayin yana da kyau.

Anbulun ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa sawun da bai yi mata ba. Ina ganin ta so ƙwarai ya zama shi ne. Da abin ya zo da sauƙi: baƙo ne, ba shi da dangi, ba mai yi masa kuka sai kyanwa.

"A ba ni ruwa mana," Gao ya ce da za mu fita.

"Ka jira," ta ce.

*

Washegari muka koma wurin mu biyu. Wannan karon gaɓa ta hau, tana zungurar dusa da sanda a tsakanin bishiyoyi. A gindin wani dutse sandar ta fito da baƙi. Ta tona. Toka ce, 'yar kaɗan, da duwatsu uku na murhu.

"Mai filas me zai yi da wuta?" ta tambaya.

"Jin ɗumi?"

"Da wannan? Ko ɓera ba zai ji ɗumi ba. Wutar ɗora buta ce."

Ta sauka ta sassaro jar ƙanƙarar daga gindin sanda, ta narka guntu a kofina, ta miƙo mini.

"Sha."

"Me ya sa ni?"

"Ba wanda ya sha shayin Gao kamarka a ƙauyen nan. Ya kamata ya yi wa wani amfani."

Na kurɓa. Ɗanɗanon tsohon ƙarfe ne da ruɓaɓɓen ganye. Na ce, "In shayi ne, to Gao bai taɓa ba ni irinsa ba. Ni dai na san na taɓa shan wannan abin, amma taba ta cinye mini harshe."

"Riƙe shi a baki," ta ce, ta zuba sauran guntayen a jaka. "Kuma ka riƙe bakin."

*

Ashiku muka nufa. Wata mata ta ce ta gan shi ya hau Farin Hannu ranar da abin ya faru, kuma kowa ya san shi da Culun sun yi shekara biyu suna sa-in-sa a kan wani kwari mai kurege. Ga shi kuma duk ya fi kowa ɗokin a jefa Gao.

Yana gyaran fata muka same shi. Anbulun ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta ɗora bindiga bisa cinya, bakin bindigar na kallon cibiyarsa.

"Yaya Anbulun, juya abin nan mana."

"Me ka je yi Farin Hannu?"

"Ni? Wa ya ce..."

"Ashiku, na san sawunka tun kana fitsarin kwance. Kada ka sa in je in nemo."

Ya yi zufa a cikin wannan sanyin. Da kyar abin ya fito: tarkon waya yake ɗanawa a ɓoye a kwarin Culun. Tarkon waya abin kunya ne a wurinmu, aikin wanda ba ya iya harbi, yana kama mai ciki da mai shayarwa. Namiji ya gwammace a ce ya yi kisa.

"Shi ya sa kake so a yi maza a gama da Gao," na ce, "kada a tambayi inda kowa yake."

"Kai kuma wa ya sa da kai, mai riƙon dawaki?"

"Me ka gani?" Anbulun ta katse.

"Ba komai. Hayaƙi kawai, da la'asar, daga gaɓa wajen ido. Siriri. Na ɗauka Culun ne ya tsaya, sai na gudu ta cikin daji."

"Doki fa?"

Ya yi tunani, abin da ba ya yi masa sauƙi. "Babu doki. Ban ga doki ba."

Da muka fito na ce, "Shi ne?"

"Wannan? Da shi ne, da gatari zai yi, kuma da tuni ya ba kowa labari."

*

Cinyar barewar da ke ɗaure a sirdin Culun tana da masu ita, kuma Anbulun ta ce ba za a bar sadakar mamaci a hanya ba. Muka ɗauka muka hau Baƙin Hannu, tafiyar yini, zuwa bukka ɗaya tilo da ke can a wannan hunturun: ta Baba Daisurun da matarsa Inna Yalun.

Shekara takwas da suka wuce, lokacin kiran barewa, ɗansu Ilgun ya laɓe a ciyawa sanye da hular kan barewa, da ƙaho da kunnuwa, yana busa irin kukan barewa don ya jawo ta. Culun ya sha giya, ya hango ƙaho, ya harba. Dattawa suka zauna suka yanke yadda aka saba: Culun ya ba da dawakai, ya zama ɗansu a madadin wanda ya kashe, ya ciyar da su har su mutu. Baba Daisurun ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Mun yafe." Tun daga nan duk tsayuwar wata Culun kan sauko Fari, ya ratsa Mahaɗa, ya hau Baƙi da nama. Bai taɓa fashi ba. Ana ba da misali da su.

Tsohon yana kwance, ƙugunsa ya karye tun kaka, sai an ɗaga shi. Da ya ga naman ya juya fuska ga bango ya fashe da kuka.

"'Ya'ya biyu," yake cewa. "Biyu."

Inna Yalun tana gefen wuta tana ɗinka takalmin da za a sa wa Culun a akwati, don aikin uwa ne. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya kamar jijiya. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai.

"Sannu da hanya, 'yata," ta ce wa Anbulun. "Tokto, har yanzu ba ka rame ba."

"Ina ƙoƙari, Inna."

"Ganyen shayi ya ƙare mana. Sai dai ruwan zafi."

Ta fasa dunƙulen ƙanƙara daga tarin da ke bakin ƙofa, ta jefa a buta. Mutanen Baƙi sun ce ruwan Fari yana zubar da haƙori, mutanen Fari sun ce na Baƙi fitsarin barewa ne, mu na Mahaɗa muna shan na rijiya muna yi wa duka dariya. Ba tsohon da ke fita daga gida bai jefa dunƙulen ƙanƙarar hannunsu a jaka ba.

Ta zuba mini. Na kurɓa. Tsohon ƙarfe da ruɓaɓɓen ganye.

Na sarƙe, na yi tari har hawaye. Anbulun ta taka mini ƙafa ba tare da ta dube ni ba.

"Ya yi zafi ne?" Inna Yalun ta tambaya.

"Hanzari ne ya yi masa yawa," in ji Anbulun. "Inna, wa ke yi miki itace tunda Baba ya kwanta?"

"Ni mana. Ƙafafuna ba su mutu ba."

"Haka na gani. Gobe za a ɗora shi. Za mu ɗauki Baba a kan katakon da doki ke ja bisa ƙanƙara, ku zo ku sallami ɗanku."

Tsohuwar ta ciji zare ta tsinke shi. "Za mu zo."

A hanya, nesa da kunnen tsofaffin, na ce, "Ba zai yiwu ba. Daga bukkarsu zuwa ido, sai ta sauko Baƙi yini guda, ta ratsa ta gabanmu a Mahaɗa, ta hau Fari. Ba doki? Tsohuwa?"

"Ku maza kogi kawai kuka sani," ta ce. "Ka taɓa zuwa tsinkar 'ya'yan itace?"

Ban taɓa ba. Ina dai ci.

*

Aka ɗora akwatin Culun tsakanin bishiyoyi biyu, kansa na kallon inda kogi ya fito. Ba a gama ɗaure igiya ba Ashiku da wasu samari suka jawo Gao, ƙafafunsa na jan ƙasa.

"Ku ajiye shi nan," Anbulun ta ce. Ta ɗaga wani farin kwano cike da ruwa. "Wannan daga ido na ɗebo shi, inda Culun ya faɗa. Wa zai sha?"

Da'irar mutane ta buɗe kamar an jefa maciji. Wata tsohuwa ta tofa yawu ta bayan kafaɗa. Anbulun ta bi su ɗaya-ɗaya da kwanon, kowa yana ɓoye hannu. Ashiku har da tuntuɓe. Ta iso gaban Gao. Ya kafa baki ya shanye tas, ya lashe leɓe.

"Akwai ƙari?"

"Ba ka ji inda aka ɗebo shi ba?" wani dattijo ya ce.

"Ruwa ai ruwa ne, Baba."

Ruwan rijiyarmu ne, ni na ɗebo shi da safe. Matata tana da zafin zuciya amma ba mahaukaciya ba ce.

"Kun gani," ta ce. "Wanda ya kashe ƙanena, da ya jera sandunan ƙarya, ya fasa ɓawon ido ya ɗebi ruwa ya kafa su. Shi ya sa ƙanƙarar tabon can fara ce, kun gan ta. Culun ya faɗa. Baƙo da nan zai juya ya tafi, duk wanda ya biyo baya ya faɗa, ina ruwansa? Wannan bai iya ba. Ya tsaya ya mayar da sanduna, don akwai 'ya'yan mutane a hanya. Yana bukatar ruwa, ga rami a buɗe taku kaɗan daga gare shi, amma ruwan ya riga ya ci mutum. Sai ya hau gaɓa, ya hura wuta, ya ciro ƙanƙarar gidansu daga jaka ya narka. Namu ne. Namu na ƙwarai, wanda ya san abin da ba a yi."

Ta zazzage jajayen guntayen a cikin farin kwanon ta ajiye a tsakiya. Ba wanda ya nemi ya ɗanɗana. Duk mun san launin Baƙin Hannu tun muna goye. Ranar farko ma mun gan shi, ba mu dai so mu gane ba, saboda shayi ya fi daɗin zargi.

Idanu suka koma kan tsofaffin nan biyu.

"Haba, Anbulun," dattijon ya ce. "Daga can zuwa ido tafiyar..."

"Ta kogi," ta ce. "Ku tambayi matanku. A bayan Tudun Kan Kare hannayen biyu suna matsowa har kamar za su gaisa. Duk kaka muna tsallakawa da kwanduna mu dawo kafin tukunya ta huce."

Matan suka sunkuyar da kai. Na lura wasunsu tun ɗazu kansu ke sunkuye.

Baba Daisurun ya yunƙura daga shimfiɗarsa, ya dogara da gwiwar hannu. "Ni ne. Ni na yi. Ku harbe ni."

"Kwanta, tsoho," Inna Yalun ta ce. Ba ta ko ɗaga murya ba. "Ka yafe a madadina ba ka tambaye ni ba, yanzu kuma za ka yi kisa a madadina? Kai da ba ka iya zuwa bayan bukka sai na ɗauke ka."

Ta miƙe, ta kakkaɓe rigarta, ta dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun zauna kun ba ni ɗa. Na roƙe ku? Duk tsayuwar wata ya shigo mini da nama, ya ce Inna, ya zauna inda Ilgun ke zama. Da wannan hannun da ya harba yake miƙo mini. In dafa, in zuba masa, in ce ya ƙara. Da ya zage ni ko sau ɗaya da na samu sauƙi. Amma yaron kirki ne. Kullum ƙara kirki yake yi, kuna yabonsa, kuna yabona. Har kun manta sunan nawa." Ta juyo ga Anbulun. "Na tsaya a gaɓa na ga ya shiga. Ya kira ni. Ya ɗauka cetonsa na zo yi. To, ga ni. Ubanki bai taɓa kuskure da bindigar nan ba."

Anbulun ta sauke bindigar daga kafaɗa ta saita. Ba wanda ya motsa. Samarin da suka yi kwanaki suna wasa wuƙa saboda Gao suka shiga kallon takalmansu. Ni kuma, da yake jarumi ne, na rufe ido.

Ƙara ba ta zo ba. Muryar dattijon na ji yana cewa, "'Yata, tsohuwa ce. A zauna a yi magana. Suna da goɗiya biyu, kuma za a iya..."

"A ba ni ita ta zama uwata?" Anbulun ta ce. "Sulhunku ne ke rataye a bishiyar can. Ba na son goɗiya." Ta dubi tsohuwar ta kan bakin bindiga. "Ke kuma so kike in harbe ki a nan, a ɗora ki kusa da ɗanki, kanki na kallon Baƙin Hannu. Kin ma ɗinka naki takalmin, na gan shi a ƙarƙashin shimfiɗa."

Ta buɗe bindigar, ta zare harsashin, ta jefa a aljihu.

"Gari zan kai ki. Akwai ɗaki can mai taga ɗaya. Ba bishiya, ba kogi. In kin mutu a rami za su saka ki, su rufe da ƙasa."

Sai a lokacin fuskar Inna Yalun ta canza.

Gao ya ɗaga hannuwansa da ke ɗaure. "In an gama da ni, wani ya kwance ni mana. Kyanwata ba ta ci komai ba."

*

Mu uku muka tafi, tsohuwar a kan goɗiyarta, ni ina riƙe da linzami. Baba Daisurun kuwa a ɗakinmu aka kwantar da shi. Anbulun ce ta ce a kai shi, kuma na san wanda zai riƙa ɗaga shi.

Sai da muka kai inda Talukan ke faɗawa babban kogi, inda titin motocin katako ya fara, Inna Yalun ta ce in tsaya. Ta sauka da kyar, ta kwance jakarta, ta ciro dunƙulen ƙanƙara ja da 'yar butarta.

"Tokto, ɗana, hura mini wuta. Kofi ɗaya kawai."

Har na fara waige-waigen ƙirare. Anbulun ta sauko daga doki, ta karɓi dunƙulen daga hannun tsohuwar, ta juya shi tana dubawa. Sannan ta wurga shi tsakiyar babban kogi. Ya yi ta sulɓi a kan ƙanƙara har ya ɓace mana.

"Kofi ɗaya," tsohuwar ta sake cewa, a hankali.

"Culun ma bai zaɓi ruwan da ya sha na ƙarshe ba," in ji Anbulun. "Hau."

Na durƙusa na ba ta gwiwata ta taka.